Daga Ajanta zuwa Dutsen Abu: Labaran Rayuwar Baya a Jikin Dutse

Mun tashi daga Aurangabad, a ƙasar Indiya, bayan sallar asuba ranar Laraba. Tsakanin garin da kogwannin Ajanta kusan kilomita 100 ne, kuma gara mutum ya isa da ƙarfe tara, lokacin buɗe ƙofa, kafin motocin 'yan makaranta su cika wurin. A kula da zaɓen rana: Ajanta a rufe take ran Litinin, kogwannin Ellora kuma ran Talata, don haka wanda ya ware waɗannan kwanaki biyu bai jera su daidai ba zai tarar da ƙofa a garƙame har sau biyu. Sunan garin ma an sauya shi a 2023 zuwa Chhatrapati Sambhajinagar, sai dai direbobi har yanzu Aurangabad suke cewa.

Abin da ya kawo ni jihar Maharashtra tambaya ce guda. Addinin Buda da addinin Jain a wuri ɗaya suka yi tashe, a gabashin kwarin kogin Ganga, yankin da yau ake kira Bihar, kuma Buda da Mahavira, jagoran Jain, zamani ɗaya suka yi. Dukansu sun yarda cewa mai rai yana mutuwa a sake haihuwarsa, abin da malamanmu ke kira tanasuhi. Mu da muka yi imani da mutuwa ɗaya da tashi ɗaya ranar hisabi ba mu tare da su a nan. Amma dukansu sun tara labaran rayuwar da jagororinsu suka yi kafin haihuwar ƙarshe, suka zana su a bango, suka sassaƙa su a dutse, kuma na so in gani da idona abin da kowane ɓangare ya yi da nasa labarin.

Motar haya ba ta kai wa bakin kogwannin. Ana sauka a wata mahaɗa kusa da Fardapur, a ratsa rumfunan masu sayar da tsaraba, a hau bas ɗin hukuma na kimanin kilomita huɗu, sannan a hau matakala. Daga sama sai ka ga kwarin kogin Waghora ya lanƙwashe kamar kofaton doki, an fafe jikin dutsen an yi kogo kusan 30 na mabiya Buda. Aikin kashi biyu ne: na farko wajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, na biyu a ƙarshen ƙarni na 5, zamanin sarki Harishena na daular Vakataka. Wanda labaran suka kawo shi, kogo huɗu ne nasa: na 1, na 2, na 10 da na 17.

A kogo na 1 aka sa muka tuɓe takalma. Ciki duhu ne da gangan, fitilun masu rauni ne, kuma an hana walƙiyar kyamara don tana cin launi. Kuskuren da yawancin baƙi ke yi shi ne su shiga daga hasken rana su fara zagayawa nan take, su fito suna cewa ba su ga komai ba. Sai ka tsaya minti biyar ido ya saba. Daga nan bangon ke fara magana.

Yadda aka yi zanen ba zai zama baƙo ga wanda ya taɓa ganin yaɓen ɗakin ƙasa ba. An kwaɓa laka da ƙaiƙayin shinkafa da kashin shanu da zaren tsirrai, aka yaɓe dutsen, aka bi da farar ƙasa siririya, ta bushe, sannan aka yi zanen. Ja da rawaya daga ƙasa suke, baƙi daga kunkunniyar fitila, shuɗi kuma daga wani dutse mai tsada da ake kawowa daga Afganistan. Inda ka ga zane ya yi duhu kamar an shafa masa zuma ta ƙone, sau da yawa ba tsufa ne kaɗai ba: a farkon shekarun 1920 Nizam, sarkin Hyderabad, ya kawo ƙwararru daga Italiya suka shafa wa bangon wani man ƙaro don kare shi, man ya rine ya kama ƙura, har yau ana fama da cire shi.

Labaran rayuwar bayan Buda da ke bangon sunansu Jataka. A tarin da ke harshen Pali, harshen tsofaffin littattafan addinin Buda, guda 547 ne, an jera su gwargwadon yawan baitocin da ke cikin kowanne, daga mai baiti ɗaya har zuwa manya goma na ƙarshe. Ginin kowane labari iri ɗaya ne. Wani abu zai faru a gaban Buda, misali almajiri ya karaya ko biyu sun yi faɗa. Sai ya ce ba yau aka fara ba, ya ba da labarin wani zamani mai nisa, yawanci a birnin Banaras. A ƙarshe ya ɗaure bakin zaren: wane na wancan lokaci shi ne wane na yanzu, sarkin birai kuwa ni ne. Wannan ɗaurin na ƙarshe shi ne ya raba Jataka da tatsuniya. In ka cire shi, wasunsu tatsuniyoyin dabbobi ne zalla, irin na kunkurun da agwagin daji biyu suka ɗauka da sanda ya buɗe baki ya faɗo, wanda ya zo har cikin littafin Kalila wa Dimna da almajiran Larabci suka sani.

A bangon da ƙofar kogo na 1 take, sai ka juya baya kafin ka gan shi, akwai sarki Sibi tsaye a gefen ma'auni. Kurciya ta gudo wa shaho ta faɗa cinyarsa, shaho ya ce abincinsa ne, sarki ya ce zai biya da naman jikinsa daidai nauyinta. Ana ta yanka ana ɗorawa kurciya tana rinjaya, har ya hau ma'aunin da kansa. A riƙe wannan hoton, domin zai sake fitowa a ɗakin ibadar wasu mutane dabam, da wani suna.

Wani abin da ke rikita baƙo shi ne jerin zanen. Ba daga hagu zuwa dama yake tafiya ba, ba kuma daga dama zuwa hagu ba. Masu zanen wuri suka bi, ba lokaci ba: duk abin da ya faru a fada yana gefe guda, ko farkon labari ne ko ƙarshensa, duk abin da ya faru a daji yana wani gefen. Wanda bai san labarin tun daga gida ba, cinkoson mutane da giwaye kawai zai gani. A karanta labarai biyar ko shida kafin a zo, ya fi ɗaukar ɗan jagora mai sauri.

Kogo na 17 ya fi kowanne cika. Nan ne na daɗe a gaban labarin giwa mai haure shida, Chaddanta, wanda yake a kogo na 10 ma, an zana shi ɗaruruwan shekaru kafin wannan. Toron giwa yana da mata biyu. Wata rana ya girgiza bishiya, furanni suka zubo kan uwargida, busassun rassa da jajayen tururuwa suka zubo kan amarya. Ta ƙullace shi, ta roƙi a sake haihuwarta sarauniya, ta ƙi ci har ta mutu. Da ta zama matar sarkin Banaras sai ta aika maharbi ya kawo mata haurensa. Maharbin ya yafa rigar masu zuhudu ya ɓuya a rami ya harbe shi, amma ya kasa yanke hauren, sai giwan ya karɓi zarton da hancinsa ya yanke da kansa ya miƙa masa. A bangon an nuna sarauniya tana sulalewa lokacin da aka ajiye hauren a gabanta. Baƙin ciki ne ya kashe ta.

A nan kuma akwai Vessantara, labari na 547, rayuwar ɗan Adam ta ƙarshe kafin a haife shi Buda. Yarima ne da ba ya hana abin da aka roƙe shi. Ya kyautar da farar giwar da ake jin ita ke kawo wa ƙasar ruwan sama, talakawa suka fusata aka kore shi daji da matarsa Maddi da 'ya'ya biyu. A hanya ya ba da dawakai, ya ba da keken. A daji wani tsoho mai suna Jujaka ya roƙi yaran su zama bayin matarsa, ya ba shi. Labarin ya yi mini nauyi, kuma malaman addinin su kansu sun daɗe suna kai-kawo a kansa. Sai dai shi ne ya fi nuna manufar Jataka. Tun lokacin da wani mai zuhudu Sumedha ya kwanta cikin taɓo don Buda na wancan zamani, Dipankara, ya taka ya wuce, ya kuma ɗaura niyyar shi ma zai zama Buda, kowace haihuwa tara jari ce. Halaye goma ake cikawa, kyauta da haƙuri da gaskiya da juriya na cikinsu. Ko biri ne, ko barewa, ko sarki, jarumin shi ne mafi hankali a wurin, kuma a tarin Pali ba a taɓa haihuwarsa mace ba.

Washegari muka nufi Ellora, kilomita 30 daga gari. Kogo 34 ne a jere: 1 zuwa 12 na mabiya Buda, 13 zuwa 29 na Hindu, 30 zuwa 34 na Jain. Jama'a duk a kogo na 16 suke taruwa, babban ɗakin Kailasa, ƙarfinsu ya ƙare a can su koma mota. Na Jain suna arewa, fiye da kilomita ɗaya daga nan, kuma shawarata a fara da su da sanyin safiya. An fafe su wajen ƙarni na 9, zamanin daular Rashtrakuta, aikin ɗariƙar Digambara ne, waɗanda manyan masu zuhudunsu ba sa sa tufa.

A kogo na 32, Indra Sabha, mai hawa biyu, hoto ɗaya ne ke ta maimaituwa. Mutum tsaye ƙyam, hannaye a sake ba su taɓa jiki ba, ido a lumshe, maciji mai kai bakwai ya yi masa rumfa, wata mace riƙe da laima a gefe, daga sama kuma wani yana shirin jefo masa dutse. Parshvanatha ke nan, na 23 cikin jagorori 24 da Jain ke kira Tirthankara, wato mai gina mashigi a kogi. Bayan hayaniyar bangon Ajanta, shirun wannan hoton ya kan tsayar da mutum. Ba ya bayar da komai, ba ya ceton kowa. Tsayawa kawai yake yi, wani tsohon lissafi yana ƙarewa a kansa.

Lissafin haihuwa goma ne. A ta farko sunansa Marubhuti, wansa Kamatha ya nemi matarsa, sarki ya kore shi, da Marubhuti ya je neman sulhu sai Kamatha ya fasa masa kai da dutse. Aka haifi Marubhuti giwa, Kamatha ya zo a maciji ya sare shi. Aka haife shi yarima, maciji ya sake sararsa. Aka haife shi sarki, maharbi ya ɗirka masa kibiya. Aka sake haihuwarsa babban sarki, zaki ya cinye shi. Tun daga kisan giwar, bayan kowane kisa wanda aka kashe ya tafi sama ya huta, mai kisan ya gangara wuta. A haihuwa ta goma yarima Parshva na Banaras ya tarar da wani mai zuhudu yana ƙona itace, ya ce masa akwai maciji a cikin gungumen, aka tsaga aka same shi ya ƙone. Macijin ya mutu ya zama sarkin macizai Dharanendra, wanda ya yi masa rumfa a hoton, mai zuhudun ya mutu da fushi ya zama aljanin da ya turo ambaliya da duwatsu. Sunayen sukan ɗan bambanta tsakanin ɗariƙun biyu, amma ƙashin labarin ɗaya ne. Buda ma yana da irin wannan maƙiyi, ɗan'uwansa Devadatta, wanda shi ne Jujaka a labarin Vessantara. Bambancin shi ne Jain sun bi sawun mugun har ƙasa, sun faɗi wutar da ya shiga a kowane zagaye. Mutanenmu na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, su kuwa sun rubuta duk inda kwikwiyon ya kwana.

Dalilin yana cikin yadda kowannensu ya fahimci karma. Ga Buda, karma niyya ce, kuma babu wani ruhi dawwamamme da ke sauya jiki, sai dai abu ya haifi abu kamar fitila ta kunna fitila. Ga Jain akwai ruhi, jiva, kuma karma abu ne mai jiki, ƙura ce siririya da ke manne wa ruhin kamar yadda ƙura ke kama jikin da aka shafa wa mai. Fushi, girman kai, yaudara da kwaɗayi su ne man. Sun kasa ƙurar kashi takwas: huɗu suna rufe sani da gani da imani da ƙarfi, huɗu suna yanke daɗi ko wuya, tsawon rai, siffar jiki da darajar gidan da za a haife ka. Abin da ya manne ba ya fita sai ya nuna ya faɗi, ko a ƙone shi da azumi da tsayuwa. Saɓanin tsoho ne, har a littattafan Pali akwai inda wani almajirin Mahavira ya gaya wa Buda cewa aikin jiki ya fi nauyi, Buda ya ce na zuci ya fi.

Daga Maharashtra muka bi ta Ahmedabad, muka hau jirgin ƙasa zuwa tashar Abu Road a bakin iyakar Rajasthan da Gujarat. Kimanin kilomita 20 daga tashar akwai Ambaji, kusa da ita ƙauyen Kumbhariya mai ɗakunan ibadar Jain biyar na farin marmara, na ɗariƙar Shvetambara masu fararen tufafi. Baƙi ba su cika zuwa ba, alhali nan ne labaran rayuwar baya suka fi fitowa fili, a silin ɗakin Mahavira da na Shantinatha, aikin ƙarni na 11. Ƙananan siffofi ne a jere cikin layuka, sama da kai, wuya na gajiya da wuri, don haka ƙaramin madubin hangen nesa yana da amfani. Ba a shiga da abin fata, bel ne ko jaka. Wanda zai ci abinci a masaukin maziyarta ya sani cewa ana gamawa kafin faɗuwar rana, kuma babu albasa, tafarnuwa ko dankali, domin a wurinsu abin da ke girma a ƙarƙashin ƙasa cike yake da rayuka.

Tarihin Mahavira a wannan ɗariƙa haihuwa 27 ake ƙirgawa, kamar yadda malami Hemachandra na Gujarat da wasunsa suka tsara. Bai fara da alwashi ba. Wani mai gari Nayasara ya je saran itace ya gamu da masu zuhudu sun ɓata a daji, ya ciyar da su ya nuna musu hanya. A haihuwa ta uku shi ne Marichi, jikan Tirthankara na farko. Da aka gaya masa cewa wata rana shi zai zama na ƙarshe, sai ya yi tsalle yana alfahari da gidansu, wannan alfaharin ya manne masa ya bi shi har haihuwar ƙarshe, inda aka fara ɗaukar cikinsa a gidan da bai dace da Tirthankara ba, sai bayan kwana 82 aka mai da shi cikin sarauniya Trishala. Digambara ba su yarda da wannan sauyin ciki ba.

Gaba kuma abin ya fi muni. A wata haihuwa ya yi azumi mai tsanani, ɗan'uwansa ya yi masa dariya da saniya ta ture shi, sai ya roƙi ladan azuminsa ya zama ƙarfin ramuwa. Irin wannan roƙo, nidana, babban kuskure ne a wurin Jain, sayar da lu'ulu'u ne a kuɗin tsakuwa. Niyyar da ta zama tushen tafiyar Buda, su ko kusa da ita ba sa son a je. Ya sami ƙarfin, ya zama sarki Triprishtha. Wani dare ya ce wa mai tsaron ɗakinsa ya sallami mawaƙa in barci ya ɗauke shi, mai tsaron ya ji daɗin waƙar ya bar su. Da sarki ya farka sai ya sa aka narka dalma aka zuba masa a kunne. Ya mutu ya faɗa wuta ta bakwai, ya fito zaki, ya koma wuta ta huɗu. A haihuwar ƙarshe, yana tsaye cikin zuhudu, wani makiyayi ya tambaye shi shanunsa bai amsa ba, ya kafa masa tsinke a kunnuwa biyu ya datse bakinsu don kada a gani. Makiyayin shi ne mai tsaron ɗakin. Wannan ne ya fi burge ni a labaran Jain: ba su wanke jagoransu ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har da shi.

Adalci ne a ce mabiya Buda ma suna da irin wannan. A labarin Temiya jarumin ya tuna cewa mulkin shekara 20 ya taɓa jawo masa shekara 80,000 a wuta, har ya yi kamar kurma kuma gurgu don kada a naɗa shi. Akwai kuma wani ɗan gajeren nassi da ya danganta ciwon kan Buda da raunin ƙafarsa da laifuffukan da ya taɓa yi. Amma waɗannan gefe suke. Abin da masu kuɗin Ajanta suka biya aka cika musu bango da shi kyauta ce da sadaukarwa.

Ranar ƙarshe muka hau Dutsen Abu, kilomita 28 na hanya mai kwana-kwana, zuwa ɗakunan ibadar Jain na Dilwara. Da safe na masu ibada ne, sauran jama'a sai daga ƙarfe 12 na rana, kuma waya da kyamara a ƙofa ake barinsu. Ɗakin Vimal Vasahi, wazirin sarki Bhima na ɗaya, Vimal Shah, ya gina shi a 1031. A silin ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan da suka kewaye farfajiya, ga ma'auni, ga kurciya, ga sarki. Sibin Ajanta ne, amma nan sunansa Megharatha, haihuwa ta 10 cikin 12 na Shantinatha, Tirthankara na 16. A labarin mabiya Buda tsuntsayen alloli ne da suka sauya kama don su gwada sarki, gwaji na ƙarewa aikinsu ya ƙare. A na Jain tsuntsaye ne na gaske da wani abin bauta ya shiga jikinsu, kuma su ma suna da nasu lissafin: 'yan'uwa ne biyu 'yan kasuwa da suka yi faɗa kan wani dutse mai daraja har suka mutu. Da sarki ya ba su labarinsu sai suka tuna, suka daina ci, suka mutu aka haife su cikin jinsin alloli.

A Luna Vasahi da ke gefe, wanda 'yan'uwa biyu Vastupal da Tejpal suka gina a 1230, an sassaƙa ayarin angwancin Neminatha, na 22. Dawakai, giwaye, makaɗa, sannan garken dabbobin da aka killace don walima. Kukansu ya ji ya juya keken ya nufi dutsen Girnar. Amaryar da ya bari, Rajimati, ita ce matarsa a haihuwa takwas da suka gabata, kuma daga baya ita ma ta bi shi dutsen ta shiga zuhudu. Marmarar silin an kankare ta har ta yi siriri, hasken la'asar na ratsa gefen furannin, ina ta neman inda keken ya juya har mai gadi ya fara tattara mutane zuwa ƙofa.